Zaman Tsufa a Makka da Madina: Kada a Sayar da Gona Kafin a Ga Takarda

'Yan'uwanmu 'yan kasuwa da dillalai da masu awo, na nan Kwanar Ɗangora da na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada har zuwa Doguwa, muna roƙon aron wannan fili da aka saba cikawa da farashin masara da dawa da waken soya, mu yi wata magana. Ba ta farashi ba ce, amma ta shafi jarin kowa.

Dalilin maganar kuwa shi ne, daga shigowar kakar bana zuwa yau, mutum uku cikin dattawanmu sun same mu a rumfa, kowa da ranarsa, a kan mu nema musu mai sayen sito ko gona. Ba bashi ne ya ci su ba, ba kuma gobara suka yi ba. Kowannensu cewa ya yi ƙarfi ya ƙare, kasuwa ta koma hannun yara, yana so ya tattara nasa ya nasa ya tafi Madina ko Makka ya ƙarasa sauran kwanakinsa a can. Mun san la'adar irin wannan ciniki ba kaɗan ba ce. Duk da haka ba mu nemo musu kowa ba. To ga hujjarmu a fili, domin kada a ce baƙin ciki muke yi musu da alheri.

Ba mu musun falalar garuruwan nan biyu. Mun yi karatun allo, mun zauna a zaure gaban malamai, mun ji ladan salla a masallatan Harami, mun ji falalar wanda ajali ya riska a Madina. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa a Madina ya zauna, a Baƙi'a aka binne shi. Kuma wannan buri ba yau ya fara a ƙasar Hausa ba. Kakanninmu sun tafi gabas a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, suna tafe suna ƙwadago a gonakin audugar Jazira, har su kai Sawakin su ƙetare teku zuwa Jidda. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da jama'a suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sannar. Har yau kuma akwai zuriya a Makka masu amsa sunan Hausawi. Amma fa a wancan zamani abin da tafiya ke bukata shi ne ƙafa da guzuri da haƙuri. Yanzu kuwa kowace ƙasa ta tsare ƙofarta da takarda da hoton yatsa, kuma na'ura ba ta san furfura ba.

Ga abin da muka gani da idonmu. Akwai wani dattijo, uban gida ne gare mu, a hannunsa muka koyi riƙe kwano da ɗinkin bakin buhu. Gab da azumin 2023 ya sayar da sitonsa da wata fadama da ya gada, ya zuba kuɗin a banki, ya nemi bizar Umra. Muka same shi muka ce, “Baba Alhaji, bizar nan fa ta kwanaki ce, in ta ƙare yaya za a yi?” Sai ya yi murmushi ya ce, “Malam, wanda ya je gidan Allah, wa zai kore shi?” Muka yi shiru, don ba a ja-in-ja da babba. Ya tafi, wa'adi ya cika, ya ƙi fitowa. Ya zauna a ɗakin wani ɗan'uwa, ba ya fita sai da dare, ko Haramin da ya je dominsa ba ya zuwa kullum saboda tsoron askar. Kuɗin da ya bari suka narke a inda suke, layin wayarsa ya mutu, banki ya daina jinsa. Bayan shekara biyu aka kama shi a hanya, ya kwana a gidan tarhil, aka sako shi a jirgi da jaka ɗaya. Yanzu yana zaune a rumfar yaron da ya koya wa awo, sito na hannun wani, fadama na hannun wani, kuma an ɗauki yatsansa, hanyar komawa ta toshe. Mu da muka yi shiru ranar nan, muna da namu kason na laifi. Shi ya sa yau ba za mu yi shiru ba.

Magana ta farko ita ce takarda. Bizar Umra ta ziyara ce, ba ta zama ba. Tun 2022 aka ƙara wa'adinta zuwa kwana 90, kuma kowace shekara ana sa ranar da dole masu Umra su fice kafin aikin Hajji. Igama kuwa, watau takardar zama, yawanci ta ma'aikaci ce mai kafili, kuma ba mai ɗaukar tsoho ɗan shekara 70 aiki. In ɗanka ne ke aiki a can, abin da ya fi sauƙin samo maka shi ne bizar ziyarar dangi, ita ma wa'adi gare ta. Ko matarsa da 'ya'yansa da ke ƙarƙashin igamarsa sai ya biya musu harajin zama, wanda aka fara a 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya hau zuwa riyal 400 a 2020. Watau riyal 4,800 ke nan a shekara kan kai ɗaya, ba a zo maganar haya da abinci ba.

Akwai igama ta musamman wadda ba ta bukatar kafili, an fito da ita a 2019. An sa mata riyal 100,000 a shekara, ko riyal 800,000 biya ɗaya na dindindin, bayan shaidar lafiya da shaidar dukiya. A farkon 2024 aka ƙaro wasu hanyoyi, ciki har da ta mai gidan da ya kai riyal miliyan 4. To mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Riyal 3.75 shi ne dala ɗaya. Riyal 100,000 ke nan dala 26,600 da 'yan kai. A ce dala tana naira 1,500, ya kama naira miliyan 40. A ce buhun masara naira 50,000 ne, buhu 800 ke nan, kusan tirela uku, kowace shekara, kuɗin takarda kaɗai. Wanda bai yarda da misalinmu ba, ya duba farashin da ke cikin wannan takarda ya sake bugawa da kansa. Ta dindindin kuwa a ninka wannan sau takwas. Mutum nawa ne a kasuwar nan za su iya?

Ba Saudiyya kaɗai ba ce haka. Dubai ta fito da bizar masu ritaya a 2020, ta shekara 5, ga wanda ya kai shekara 55. Sharaɗin da aka sa a lokacin shi ne ajiyar dirhami miliyan 1, ko kuɗin shiga dirhami 20,000 a wata, ko gida na dirhami miliyan 2. Ka ga ke nan duk ƙasar da ta buɗe wa tsoho ƙofa, aljihunsa ta buɗe wa. Kuma ba da baki ake nuna dukiyar ba, sai da takardar banki ta watanni. Nan ne gizo ke saƙa ga ɗan kasuwar hatsi. Dukiyarmu tana cikin buhu, da shanun da ke hannun Fulani, da bashin da muke bin manoma da 'yan sari. Mutum zai iya mallakar buhu dubu a sito, amma a idon ofishin biza fakiri ne, tunda ba a rubuce take ba. Ma'aikacin gwamnati yana da fansho da zai nuna. Mu fanshonmu gona ce da gidan haya da 'ya'ya. Wanda ya sayar da gona, fanshonsa ya sayar.

Wanda ya zauna ba takarda kuwa, hukuncinsa tara da ɗauri da kora. Wanda ya ɓoye shi a gida shi ma ana hukunta shi, watau ka ɗora wa ɗan'uwan da ya yi maka karamci masifa. An yi babban kame a ƙarshen 2013, an kuma ba da wa'adin afuwa a 2017 don marasa takarda su fice da kansu, 'yan ƙasarmu da yawa sun dawo ta waɗannan hanyoyi. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin Hajji, ba tanti, ba mota, ba inuwa. A 2025 aka sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, da kora, da hana shiga ƙasar na shekara 10. Waɗannan ba jita-jitar tasha ba ne.

Magana ta biyu ita ce canji. Wanda zai zauna a waje, da naira yake samu, da riyal yake kashewa. Manya suna tuna lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya, a farkon shekarun 1980. A 1986 aka ɗaure riyal da dala a kan 3.75, har yau yana nan bai motsa ba. A wannan shekarar ce kuma aka saki naira a kasuwar canji, tun daga nan take gangara. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta sake sakin naira, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dala ta haura 1,500. Wanda ya bar naira miliyan 30 a banki ya wayi gari rabinta ya tafi ba ɓarawo ba gobara. Kujerar Hajji ma ta ishe mu misali: kusan naira miliyan 3 a 2023, ta haura miliyan 8 a 2025. Amma gonar da aka sayar, ita ba ta rage ko taki ɗaya ba. Tana hannun wanda ya saya, tana ba shi masara kowace kaka, kuɗinta kuma yana hawa. Mun sani hatsi ma yana faɗuwa, waɗanda suka yi ajiya da tsada a 2024 sun sha asara a 2025. Sai dai faɗuwar hatsi ta shekara ce, wata shekarar ya tashi. Ƙasa kuwa in ta fita daga hannu ba ta dawowa da kuɗin da aka sayar da ita.

Kada kuma wani ya ce zai binne kuɗi a ɗaka ya tafi. A watan Afrilun 1984, muna almajirai, gwamnatin soja ta canja launin kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da 'yan kwanaki. Waɗanda ke waje da nairarsu suka tashi da takardun banza. A watan Oktoban 2022 aka sake shelar canjin kuɗi, kowa ya ga yadda farkon 2023 ya kasance a kasuwar nan, manomi ya kawo kaya ba tsabar da za a biya shi. Wanda ke gida ma ya sha wuya, balle wanda ke bayan teku.

Magana ta uku ita ce banki. Asusun banki a yau ɗaure yake da abu uku: lambar BVN da aka fara a 2014, da lambar katin ɗan ƙasa ta NIN, da layin waya. In suna ko ranar haihuwa suka saɓa tsakaninsu da fasfo, a gyara tun ana gida, domin gyaran da ke cin sati a Kano yana iya gagara daga Madina. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, sai saƙonnin asusunka su riƙa zuwa wayar baƙo. Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024, asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ana ɗaukarsa ya yi barci, sai an tashe shi da takardu, wanda kuma ya kai shekara 10 ana kwashe kuɗinsa zuwa wani asusun amana a Babban Banki. Kuɗin ba su ɓata ba, amma nemo su aiki ne. A 2025 Babban Banki ya buɗe hanyar yin BVN daga ƙasar waje, da asusu na musamman ga 'yan Nijeriya mazauna waje. Wannan ci gaba ne, sai dai ana tambayar shaidar zamanka a can, wadda maras takarda ba shi da ita.

Katin cirar kuɗi na naira ba abin dogaro ba ne a waje. Daga 2022 yawancin bankuna suka hana shi aiki a ƙetare, sai a 2025 wasu suka buɗe, da iyakar abin da za a kashe. Kamfanonin aika kuɗi kuwa, bisa ƙa'idar Janairun 2024, aikinsu shigo da kuɗi ne cikin Nijeriya, ba fitarwa ba. Shi ya sa jama'a ke bi ta hannun 'yan canji, a ba da naira a Wapa a karɓi riyal a Jidda. Mun san akwai masu amana ƙwarai a cikinsu, mun yi hulɗa da su shekaru. Amma hukumar can ba ta yarda da wannan hanya ba, in ta ɓaci ba kotun da za ka kai ƙara. Wanda zai ɗauki tsaba a jiki kuma, abin da ya wuce dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan a filin jirgi, can ma suna da nasu haddin. Wanda ke da hali ya buɗe asusun dala ya raba ƙafa. Wanda ke gudun riba, ga bankunan da ba ruwansu da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019. Kada kuma a tara duka a banki ɗaya, domin in banki ya rushe, abin da hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta lamunce tun 2024 shi ne naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, sauran sai an sayar da kadarorin bankin. A can kuwa, maras takarda ba zai buɗe asusu ba, ba zai kama haya da sunansa ba. Komai nasa yana hannun wani. In wancan ya mutu ko ya canja fuska, shi ke nan.

Wani zai ce ai ɗan kasuwa ba ya rasa abin yi, zai buɗe ɗan shago da sunan wani Balarabe. To wannan shi suke kira tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta sa masa ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 5. Can ba Kwanar Ɗangora ba ce da mutum zai shimfiɗa buhu a bakin titi ya kasa kaya.

Magana ta huɗu ita ce lafiya da zaman yau da gobe. Tsufa ba ya zuwa shi kaɗai, da hawan jini yake tafe, da ciwon suga, da ciwon gwiwa, da hazon ido. Mai Umra yana da inshorar gaggawa muddin bizarsa na raye. Mai igama dole ya sayi inshorar lafiya, kuma ta tsoho ta fi tsada. Maras takarda kuwa tsoron asibiti yake, sai ya yi ta jinya a ɗaka. Wanda ke shan magani kullum ya tafi da takardar likita, domin akwai magungunan da ake sayarwa a kantin bakin tasha a nan, a can kuwa kama mutum ake yi da su. Kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ƙullin kuka ne, sai an kwance an gani. Goron ma da bakinmu ya saba da shi, kullum hukumar alhazai tana gargaɗi kada a ɗauka. Sa'an nan a tuna, a nan in dattijo ya kwanta, kafin azahar zaure ya cika da 'yan dubiya, jika ya kawo ruwa, maƙwabciya ta aiko da kunu. A can hawa na biyar ne a gidan haya, ƙofa a rufe, kowa ya tafi nema. Wa zai kama ka zuwa banɗaki? Wannan tambaya ba ta da daɗin ji, amma ita ce tambayar.

Magana ta biyar ita ce abin da aka bari a baya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ita ce ayar bashi a Suratul Baƙara, kuma umurni ne da a rubuta a kafa shaidu. Mu 'yan hatsi mun fi kowa saɓa mata. Cinikin miliyoyi muke yi da musafaha, littafin bashinmu yana cikin ka. In mutum ya tafi da kansa, littafin ya tafi. Kafin a yi sallama da kasuwa, a zauna a rubuta wanda kake bi da wanda ke binka, a gaban shaidu. A naɗa wakili da takarda, a faɗi iyakarsa: zai karɓi haya, zai ba da gona aro ko jingina, ko ba zai yi ba, shi zai fitar da zakka, ko wani. A sani kuma wakilci yana faɗuwa da mutuwar mai shi, daga nan hukuncin gado ne, banki kuma ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Matan da aka bari fa? Ciyarwa da tufatarwa ba sa faɗuwa don miji yana ɗawafi. Matar da aka bari ba nafaƙa tana da damar zuwa gaban alƙali. Akwai 'ya'ya mata da ba a aurar ba, akwai ƙananan da ke makaranta. Nafila ba ta ture wajibi, haka malamai suka karantar da mu.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya a Saudiyya. Baƙo raɓa ne a ko'ina. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice, fataken goro da suka yi shekaru a Kumasi suka dawo suka bar gidaje. Mu ma Nijeriya mun yi wa wasu haka a 1983. Dokar Gana ta 2013 ta sa wa baƙon da zai yi fatauci jarin dala miliyan 1, aka yi ta kulle shagunan 'yan Nijeriya a 2019 da 2020. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba mutum ba biza, ba zaman har abada ba, ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, bayan an yi watanni iyaka na rufe tun juyin mulkin Yulin 2023. Maraɗi da muke ɗauka kamar bayan gida, sai da ta yi nisa. Sudan da ta zama gida ga dubban Hausawa, yaƙi ya ɓarke a cikinta ran 15 ga Afrilun 2023, ɗalibanmu da ke Khartum sai kwaso su aka yi. Wanda ya bar ko da ɗaki ɗaya da gona ɗaya a gida ya sami wurin komawa. Wanda ya sayar da komai fa?

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce arziki na Allah ne, wane da wane sun tafi ba takarda sun yi shekara 30 lafiya. Gaskiya ne, mun san wasunsu. Amma sun shiga ne kafin zamanin hoton yatsa, kuma a tambayi 'ya'yan da suka haifa a can ba takarda yadda suka ƙare da makaranta da aiki da aure. Za a ce tawakkali. To mu da ba mu ɗora kaya a mota sai mun ga direba mun rubuta lamba, ba mu zuba hatsi a sito sai mun sa magani mun sayi kwaɗo, don me sai a babbar tafiya za mu ajiye dabara mu kira shi tawakkali? Biza alkawari ce: ka ce za ka shiga ka fito rana kaza, aka yarda da kai. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ba da fatawa a 2024 cewa bai halatta a tafi Hajji ba izini ba. Tun a dā ma akwai magabatan da suka karhanta daɗewa a Makka, don gudun kada girmanta ya ragu a zuciya saboda sabo. Ina amfanin zaman da mutum zai ji kiran salla daga Harami ya kasa fita don tsoro?

Shawararmu ga dattawan nan uku, da duk mai irin niyyarsu, ita ce kada a sayar da tushe. A ba da sito haya, a ba yara gona su noma a raba, a bar jari yana juyawa a hannun amintacce da rubutu. Daga abin da ya fito, a tafi Umra, a yi wata ɗaya ko biyu ko ukun da doka ta bayar, a sha ibada da kai a sama, a dawo. In Allah ya hore, baɗi a koma. Wanda bai taɓa sauke farali ba ya shiga adashin gata na hukumar alhazai da aka buɗe a 2020, ya riƙa zubawa kowace kaka. Wanda Allah ya yalwata wa har zai iya sayen igama ta halal ba tare da ya taɓa abincin iyalinsa ba, Allah ya sa albarka, ya tafi, amma ya sabunta fasfo, ya yi rajista da ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda, ya bar gida ɗaya da gona ɗaya da sunansa. A guji dillalan biza masu cewa kawo kuɗi za mu yi maka igama a sati biyu. Mu dillalai ne, mun san yadda ake yabon kayan da ba a gani ba.

Ga 'yan'uwanmu dillalai kuma, in dattijo ya zo muku da irin wannan ciniki, kada la'ada ta rufe muku ido. Ku ce masa, “Alhaji, mu ga takardar tukuna.” Ku kira babban ɗansa, ku kira liman. Muna kuma kira ga shugabannin kasuwa da sarkin dillalai su sa wannan a cikin ƙa'ida, kada a shaida cinikin sito ko gonar mai shirin ƙaura sai iyalinsa sun sani.

Ran nan uban gidan namu ya ga ɗaya daga cikin mutum ukun a rumfarmu yana ta lissafin abin da sitonsa zai yi. Ya saurara har ya gama, sa'an nan ya ce masa, “Alhaji, je ka yi Umrarka ka dawo. Ni na bar gida, gida ya bar ni.” Ba mu da abin ƙarawa a kan wannan.

Allah ya kai mu ɗakinsa ta hanyar da ba za a kore mu ba, ya sa mu cika da imani a duk inda ƙasarmu take, ya yi wa kasuwa albarka. In mun yi kuskure a gyara mana a fitowa ta gaba. Haza wassalam.